Ƙwarin Wake a Ɗakin Takaba

Ban taɓa kiran sunan maigidana ba yana raye, ba kuwa zan fara yanzu da ƙasa ta rufe shi ba. Malam nake ce masa, kamar yadda ɗalibansa na sakandaren da yake koyar da kimiyya a nan Daura suke ce masa. Da ya tafi ya bar mini 'ya ɗaya mai shekara biyar, da gida mai ɗaki uku, da kwalabe fiye da ɗari na ƙwarin wake a kan kantar ɗakinsa. A cikin ukun nan kwalaben ne suka hana ni sakat a takabata, kuma har yau ban gama yafe wa kaina abin da na yi musu ba.

Shekara biyar ya yi yana kai da kawowa Zariya a kan digirinsa na biyu. Kowa a garin nan neman maganin ƙwaron wake yake yi, shi kuwa kiwonsa yake yi, har da yi masa shara da canjin ɗaki. Maƙwabta na ɗaure da raguna a ƙofar gida, mu namu dabbobin suna cikin kwalba an rufe musu baki da ƙyallen gidan sauro. Duk lokacin da layya ta matso sai in tambaye shi wanne za mu kayar a bana. Ba ya fushi. Sai ya miƙo mini littafinsa da biro ya ce tunda bakina ba ya gajiya, hannuna ma ya taya. Da haka na zama marubuciyarsa, har na zo na fi shi iya bambance namiji da mace, don shi sai da tabarau. Macen ta fi girma ta fi duhu, tana da zane biyu baƙaƙe a ƙarshen bayanta. Namijin ɗan guntu ne ja-ja, ga rawar kai.

Abin da yake nema ya faɗa mini shi wata rana ina tsintar wake a faifai. Ya ce a cikin ƙwayar halittar kowane mai rai akwai wasu 'yan zare-zare da ake gada daga uwa da uba, 'yan boko na ce musu kuromosom, kuma biyu daga cikinsu ne ke raba namiji da mace. A ƙwaron nan mace tana da iri ɗaya guda biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Namiji yana da guda ɗaya tak daga uwarsa, abin da ubansa ya ba shi kuwa wani ɗan guntu ne daban. Ya ce in ɗauka mace zane biyu gare ta, in ɗaya ya yage sai ta rufa da ɗayan ba wanda ya sani, namiji kuwa riga ɗaya gare shi. To idan aka haska uban da irin hasken nan mai ratsa jiki, ɗan'uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti, zaren nan zai iya lalacewa. Ɗiyansa maza ba ruwansu, don ba su karɓi wannan zaren daga gare shi ba. Ɗiyansa mata za su karɓa su ɓoye, suna yawo lafiya lau. Sai sun haihu ɓarnar za ta fito, a jikoki maza waɗanda suka gaji yagaggen daga uwarsu ba su da na rufawa. Rabin jikoki mazan za su mutu a cikin wake ba su ga rana ba. Saboda haka amsar duk tana wurin jikoki: kwalbar da aka ƙirga aka ga mata sun ninka maza, nan ɓarnar ta bi.

Shekara biyu ya jira kafin layi ya zo kansa a na'urar hasken. Ya kai mazan aka haska, ya dawo da su a jaka yana riƙe da ita a cinya kamar jariri, ya haɗa su da mata, suka yi ƙwai a kan wake. Da ƙwan ya kama ya ware kowace ƙwayar wake a 'yar kwalbar allura tata, don kada 'ya'yan su fito su haɗu da juna ba da saninsa ba. Ya ɗauko littafi ya ja layi arba'in da rula, ya sa wa kowane lamba, ɗiya mace ɗaya layi ɗaya. Kwana tara bayan haka motar hayar da ya shigo daga Kano ta yi karo da tirela kafin su iso gida. Da la'asar aka shigo da shi, kafin magariba an kai shi.

Ba zan iya ba da labarin kwanakin farko ba, don ban san yadda suka wuce ba. Na dai san gwaggonsa, ƙanwar mahaifinsa, ta zo daga ƙauyensu da ke gaba da Sandamu da ƙullin kayanta, ta ce ita za ta zauna da ni har in fita. Tsohuwa ce mai kaifin baki, ta binne miji tun ina goye. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, kowane saurayi ya zama malami, har wasu daga cikin ƙannensa suka ce sadakar bakwai bidi'a ce. Gwaggo ta ce su je su faɗa wa iyayensu da aka yi wa, ita dai sai ta soya wa ɗanta ƙosai. Aka kuwa soya, gida ya cika da ƙamshi. Shi ne abin da na fara iya haɗiya tun ranar rasuwar. Na ci guda biyu, har na ce ya yi daɗi.

A ranar ne malamin da ke duba aikinsa ya zo ta'aziyya daga Zariya, wani dattijo mai sanyin murya. Ya tsaya a bakin ƙofa ina bayan labule. Bayan addu'a ya tambaya ko kwalaben suna nan, na ce suna nan. Ya ce sauran aikin duk Malam ya rubuta, ƙirgar jikokin kawai ta rage, kuma idan aka samu wanda zai kiwata su har a ƙirga, shi zai ƙarasa rubutun ya fitar da shi da sunan Malam a kai. In ba haka ba shekara biyar ta tafi, don ba wanda zai sake bin layin na'urar saboda mamaci. Ban jira ya gama ba na ce zan iya. Na faɗa da ƙarfi har matan da ke zaune suka waiwayo, don mai takaba ba ta ɗaga murya.

Ranar sha biyu na shiga ɗakinsa. Gwaggo ba ta shiga, don an riga an fara raɗe-raɗin cewa hasken da ya je ya taɓa ne ya ja masa ajali, kamar haske ne ya tuƙo tirela. Na ɗaga kwalaben ɗaya bayan ɗaya. A jikin waken 'yar taga ta fara bayyana, wani ɗan da'ira mai duhu a ƙarƙashin fata, alamar na ciki ya kusa fitowa. Na lissafa kwana huɗu ko biyar. Sai na juya bayan ƙofa inda jarkar waken kiwo take, waken gonarmu ne wanda bai taɓa ganin magani ba, Malam ya toshe bakinsa da leda ya ɗaure da roba tun kaka don iska kada ta shiga. Na sa hannu biyu zan ɗaga, jarka ta taso kamar ƙwarya. Ƙosan da na ce ya yi daɗi ke nan.

Ba laifin kowa ba ne. Mata sun nemi wake a gidan rasuwa sun samu, wa zai je ya tambayi wadda ba ta san inda kanta yake ba? Amma a lokacin ban yi wannan adalcin ba. Na fito da jarkar tsakar gida na jefar da ita gaban Gwaggo na ce sun cinye aikin ɗansu. Ta dube ni ta dubi jarka, ta ce Allah ya sawwaƙe, ashe abin har ya taɓa kai. Ban tsaya yi mata bayani ba. A raina na ce me tsohuwar ƙauye za ta gane a zancen kuromosom.

Wanda bai yi kiwon ƙwaron nan ba ba zai san irin tashin hankalin ba. Idan ya fito daga wake ba ya ci ba ya sha, abin da ya ci yana tsutsa da shi zai rayu, kwana goma in ya daɗe. Macen kuma a kwanakin farko take zuba yawancin ƙwanta. In ba ta samu waken da za ta ɗora a kai ba, haka za ta mutu da shi a ciki. Tsohon waken da sauran ƙwarin gida ke ciki, waɗanda ba a haska ba, ba zai yi ba, don cike yake da ƙwan wasu, ba za a san ɗan wa ya fito ba. Ga shi bazara ta shigo. Duk waken da ya kai bazara a kasuwa fari tas ba huda ko ɗaya, ya sha magani, ko mai shi ya rantse da me. Malam ya sha faɗa mini cewa in ana neman wake mai gaskiya a wannan lokacin, a nemi wanda ƙwaro ke yawo a cikinsa. Sai a tsince ƙwayoyin da ba su huje ba, a baza a kan kwanon rufi rana ta kashe abin da ke ɓoye.

Na kira maƙwabciyata na roƙe ta ta shiga kasuwa ta nemo mini waken da ƙwari suka fi ci. Baiwar Allah ta je da zuciya ɗaya, tana bi rumfa rumfa tana cewa matar marigayi Malam ce ke so. Kafin ta dawo labari ya riga ta zagaya unguwa, wai 'yan'uwan miji sun bar marainiya da uwarta har sun koma neman ruɓaɓɓen wake. Yayan Malam, wanda nake ce wa Yaya, dillalin shanu ne mai ji da mutuncinsa. Ya tare ta a hanya ya karɓe ɗan abin da ta samo ya watsa wa kaji. Washegari ya shigo da rabin buhu a bayan babur, wake fari manya-manya kamar an wanke.

Ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Ƙanwata, me na yi maki da za ki tona mani asiri a kasuwa? Ƙanena ko sati biyu bai yi a ƙasa ba."

Na ce masa ba don ci nake nema ba, na ƙwarin Malam ne, kuma wannan da ya kawo yana da magani. Ya ce mai waken amininsa ne, ya dafa kansa ya rantse mashi ba a sa komai ba. Ya ƙara da cewa kada ya sake jin an aiki kowa kasuwa daga gidan nan. Daga ranar maƙwabciyata ko na kira ta ta katanga sai ta ce tana da aiki a wuta. Na aika gidanmu, ƙanena ya zo da tiya biyu, shi ma fari tas. Da na yi masa faɗa ya ce shi ba zai iya shiga gidan rasuwa da wake mai ƙwari a hannu ba, me za a ce da shi.

Na ji a rediyo wani malami yana cewa mai takaba tana iya fita da rana idan lalura ta kama. Na faɗa wa Gwaggo. Ta ce, "Yo abincin ƙwaro ne lalura, 'yar nan?" Duk da haka wata safiya na zura hijabi na kai har zaure. Ta kafar ƙofa na hango tabarmi a shimfiɗe, Yaya da dattawan unguwa suna karɓar masu ta'aziyyar da suka makara. Na san in na taka waje ba za a ce ta je neman wake ba, za a ce ta kasa zaman mijinta. Na koma ciki na cire hijabin, ina tsine wa tsorona.

Ranar sha shida suka fara fitowa. Da safe in na shiga sai in ga taga ta buɗe, ƙwaro na zagaya kwalba. Na ware matan, na manna wa kowace lambarta kamar yadda ya tsara. Cikin kwana huɗu na cika arba'in har da 'yan ragowa. Lafiyayyu, masu sheƙi, ba mai cewa suna ɗauke da wani abu. Suna hawa jikin gilashi suna faɗowa, suna laluben abin da za su ɗora ƙwai a kai, ni kuma ina zaune a kujerarsa ina kallonsu hannu rabbana. Wasu suka fara manna ƙwan a jikin kwalbar, inda ba abin da tsutsa za ta ci. A kwana na biyar na tarar da biyu sun kife, ƙafafu a sama. Buhun Yaya kuwa yana jingine a lungu yana kallona.

Na sunsuna shi ya fi sau goma, ba wari. Na wanke wani na shanya. Na fara ce wa kaina wataƙila mutumin gaskiya ya faɗa, ai ba duka aka taru aka lalace ba. Malam yana da ƙa'ida: duk baƙon wake sai an zuba masa ƙwarin gida goma an bar su kwana biyu, in sun rayu sannan a yarda da shi. Na san ƙa'idar, da hannuna na rubuta ta a bangon littafin. Amma kwana biyu a lokacin nan kamar a ce mini shekara ce. Na zuba goman da hantsi. Da la'asar na duba suna ta yawonsu. Na ce alhamdu lillahi, na zauna na raba waken a kwalabe, kowace mace na sa mata namiji daga cikin na gida, na rufe. Da na ga ta farko ta hau ƙwayar wake ta tsaya, har murmushi na yi, na farko tun rasuwar. An ce sauri ya haifi nawa. Ni nawa saurin gawa ya haifa.

Da gari ya waye na shiga da littafi a hannu. Kwalba ta ɗaya shiru. Ta biyu shiru. Na bi su har ta ƙarshe ina girgizawa ina kai wa kunne kamar mahaukaciya. Goman gwajin ma sun bi su. Maganin irin mai cin jiki a hankali ne, da na jira zuwa safiyar nan kawai da na gani.

Kukan da na yi ranar ya fi na ranar da aka shigo da shi, kuma ina jin kunyar faɗin haka amma gaskiya ce. Ranar rasuwa ba ni da hannu a ciki, Allah ya ba da ya karɓa. Wannan kuwa ni na buɗe kwalba da hannuna na zuba. Mata suka shigo suna ba ni haƙuri, suna cewa sai yau mutuwar ta sauko mata. Ban gyara musu ba. Da Yaya ya zo na juye matattun a faifai na tura masa ta ƙarƙashin labule. Ya daɗe a tsaye. Daga baya na ji ya koma wurin amininsa, mutumin ya ce ai ɗan kaɗan ne, tun kaka aka sa, shi a wurinsa wannan ba magani ba ne. Gwaggo kuwa ta dubi faifan, ta dubi 'yata da ta ci shinkafa da waken nan jiya, ta ja buhun da kanta ta kai bayan gida.

Kwana biyu ban shiga ɗakin ba. A na uku na shiga don in kwashe kwalaben in huta da ganinsu, sai na ji ɗan motsi a can ƙarshen kanta. Waɗansu 'yan wake ne da suka makara ba su buɗe ba, na ture su gefe na manta. Tara suka fito, huɗu mata. Na ɗauko su na fito tsakar gida na zauna a bakin rijiya da kwalabe huɗu a cinya, ban san abin da zan yi da su ba. Samunsu bai faranta mini ba. Ji na yi kamar an dawo da ni in sake kallon mutuwar daga farko.

Gwaggo tana gefe tana kaɗa zare. Ta jima tana satar kallona, sannan ta ce in faɗa mata, shi ɗan nata me yake nema a wurin ƙwarin nan har ya ƙare ƙuruciyarsa a kai. Ba don na sa ran za ta gane ba na faɗa, don dai bakina ya samu abin yi ne. Na ba ta labarin zane biyu da riga ɗaya, yadda ya ba ni. Na ce uwar lafiyarta lau, ita ma ba ta san tana ɗauke da shi ba, ɗiyanta mata su rayu, mazan su riƙa mutuwa. Sai na ga mazarin ya tsaya.

Ta ce, "A mutane ma ana haka?"

Na ce Malam ya ce akwai cututtukan da ke bin wannan hanya, amma ni ban san su ba.

Ta ce, "Maza uku na binne, ba wanda ya kai yaye. Matan biyu ga su can da jikoki. Dangin mijina suka ce nonona ne ba kyau. Sai da na sha sassaƙe ya fi kala ashirin."

Na ce mata ban san abin da ya kashe nata ba, kuma ba zan yi mata ƙarya ba. Ta ce ita ma ba ta ce na sani ba. Ta ci gaba da kaɗinta. Can ta tambaya wane irin wake ne suke so. Da na faɗa mata sai ta ajiye mazarin ta dube ni, irin kallon da ake yi wa yaron da ya zauna da ƙishi a bakin randa.

Da sassafe ta sa aka kira mai babur, ta yi masa kwatancen ɗakinta a ƙauye da abin da ke ƙarƙashin gado. Kafin azahar ya dawo da wata 'yar tukunya an liƙe bakinta da laka. Ta fasa da kanta. Toka ce da rairayi, a ciki kuwa waken irinta, ƙanana masu ɗigo-ɗigo, wanda ta ce tun uwarta suke shuka shi ba su taɓa sayen iri ba. Ba magani, ba huda, toka kaɗai ta tsare shi. Na auna shi da ido. Ya ishi arba'in ɗin nan duka har a yi ragowar shuka. Tun ranar da na jefar da jarka a gabanta tukunyar nan tana can, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a babur. Kowa na tambaya a garin nan ban da matar da muke kwana ɗaki ɗaya.

Ta ce, "Da kin yi mani bayani."

Muka goge tokar da tsumma mu biyu. Kafin mu gama ɗaya daga cikin huɗun ta kife. Ukun na haɗa su da maza na zuba musu waken, wannan karon ba gwaji, don Gwaggo ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta tauna a gabana. Suka yi ƙwai, ba da yawa ba. Daga nan sai jira. Sadakar arba'in ta zo a tsakani, Gwaggo ta ce gumba za a yi, kada ta ji wani ya ambaci ƙosai. Ta fara shiga ɗakin Malam, da farko da hanci a toshe, daga baya har ta kan riga ni, ta fito ta ce mini taga ta fara duhu a kwalba ta uku.

Da jikokin suka gama fitowa muka shimfiɗa farin ƙyalle muka ƙirga, ina ware su da gashin kaza tana tare masu gudu. Kwalba ta ɗaya maza da mata kusan kai ɗaya. Ta biyu ma haka. Ta uku mata ashirin da biyu, maza goma. Na sake ƙirgawa, na sake. A gindin kwalbar kuma ga waɗansu wake da ƙwai ya shiga amma taga ba ta taɓa buɗewa ba.

Yaya ne ya kawo wayarsa da kansa, ya buga lambar malamin nan na Zariya ya miƙo ta bayan labule. Tun abin nan bai iya haɗa ido da ƙofata ba. Na karanta wa dattijon abin da na samu. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce na yi ƙoƙari, Allah ya saka, amma kwalba uku ba ta isa a ce komai ba. Ko ba haske, in ka ƙirga gidaje uku za ka iya tarar da ɗaya mata sun fi yawa. Abin da ya sa Malam ya ja layi arba'in ke nan. Na ce to ita ta ukun fa? Ya ce mai yiwuwa abin da Malam ke nema ne, mai yiwuwa kuma dace ne kawai, ba wanda zai iya rabewa yanzu. Na so in yi masa gardama, amma na zauna da Malam shekarun da suka isa in san gaskiya ya faɗa.

Gwaggo tana tsugune tana jira. Na faɗa mata yadda aka yi, ban rage ba. Tambayata ta yi mazan da ba su fito ba suna ina. Na tsince mata waken nan da ba su buɗe ba na zuba mata a tafi. Ta juya su da yatsa, ta ƙulle su a bakin zanenta, ta tashi ta ɗora ruwan alwala. Ban taɓa tambayarta abin da ta yi da su ba har ta rasu.

Saura kwana saba'in a takabar, na yi su ba abin ƙirgawa sai su kansu. Littafin yana nan a akwatina. 'Yarmu da ta girma ta taɓa buɗe shi ta tambaye ni me ya sa babanta ya bar aikinsa ba a cike ba, na ce mata ba shi ya bari ba. Layi uku na sama rubutuna ne. Sauran talatin da bakwai ba komai a cikinsu sai lambobin da ya sa da hannunsa.